Hular da ke leƙa ƙwaƙwalwa da haske

Ku ɗora yatsa a kan fitilar wayarku cikin duhu, za ku ga ya yi jawur. Haske ne ya ratsa nama. A 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ya nuna cewa wani haske da ido ba ya gani yana ratsa har ƙoƙon kai.

Yau an kai ga ƙera hula mai ƙananan fitilu da na'urorin karɓar haske. Sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yakan janyo jini mai iskar oksijin, wanda shan haskensa daban ne, sai na'ura ta auna abin da ya dawo. Masu bincike na Jami'ar UCL ta Landan sun kai irin wannan hula Keneba a Gambiya, suka auna jarirai suna zaune a cinyar iyayensu, ba sai an kwantar da su cikin injin MRI mai ruri ba.

Saman ƙwaƙwalwa kaɗai hular take gani. Amma abin da ya fi damuna shi ne gashi mai kauri da baƙar fata suna rage hasken da ke komawa na'urar. Lallai jami'o'in da ke ƙera ta su gyara wannan tun a wajen ƙira, su kuma gwada hular a kan kawuna irin namu.