Furotin Na Tantanin Mitokondiriya: Inda Ake Yanke Hukuncin Rayuwar Ƙwayar Jiki Da Mutuwarta



Mas'alar da na zo da ita gabanku guda ɗaya ce, ita ce cewa a bisa tantani biyu na mitokondiriya ake yanke wa ƙwayar jiki hukuncin rayuwa ko mutuwa, kuma wannan ilmi, wanda masu rabon kuɗin bincike a ƙasarmu suka daɗe suna ɗauka ƙawa ce ta ƙasashen da suka ƙoshi, yana da hannu dumu-dumu a cikin cututtukan da suke kwantar da mutanenmu. Ba zan ɓata wa majalisa lokaci da maimaita ƙa'idar da Peter Mitchell ya kawo a 1961 kan yadda mitokondiriya take samar da makamashi ba, tun da babu wanda yake zaune a nan da bai karantar da ita ba. Ya isa in tunatar cewa daga cikin furotin fiye da 1,000 da suke aiki a mitokondiriyar ɗan Adam, 13 kaɗai ƙwayoyin gadonta 37 suke samarwa, dukkansu a tantanin ciki, sauran kuwa sai an shigo da su ta mashigin TOM da TIM.

Inda hujjata ta fi ƙarfi shi ne tantanin waje. Tun lokacin da Kerr da Wyllie da Currie suka siffanta tsararriyar mutuwar ƙwaya a 1972, masana suka yi ta neman sababinta, har a tsakiyar shekarun 1980 aka gano furotin ɗin BCL-2 a cikin wata sankarar kaluluwa, inda kuromosom na 14 da na 18 suke musayar yanki. Sa'an nan a 1988 Vaux da Cory da Adams suka tabbatar a Melbon cewa illar wannan furotin ita ce hana ƙwaya mutuwa alhali lokacinta ya yi. A 1993 ɗakin binciken Stanley Korsmeyer ya fito da BAX, abokin hamayyarsa. A 1996 Xiaodong Wang da mutanensa suka nuna cewa saitokurom c, wanda aka sani da hidimar numfashi kawai, da zarar ya tsallake tantanin waje sai ya tayar da sinadaran kasfes, su kuwa su daddatsa ƙwayar daga ciki. A 2001 aka ga cewa ƙwayar da aka cire wa BAX da BAK gaba ɗaya ba ta amsa kiran mutuwa ta wannan hanya. Misalin al'amarin kamar ƙofar ganuwa ne da sarkin ƙofa: idan ya ƙi buɗewa sa'ad da ya wajaba, sankara ta samu wurin zama, idan kuwa ya buɗe ba bisa ƙa'ida ba, gaɓa ta rasa ƙwayoyin da ba ta iya mayarwa.

Duk wanda ya tambayi fa'idar wannan dogon bahasi, to, ga amsa da alƙaluma. Maganin venetoclax, wanda aka ƙera musamman don ya toshe ramin da BCL-2 yake riƙe abokan hamayyarsa da shi, ya sami izini a Amurka a watan Afrilu na 2016, bayan gwajin farko a kan majinyata 116 masu sankarar jini mai jinkiri ya nuna kashi 79 cikin 100 sun amsa magani. A gwajin MURANO na 2018, mai majinyata 389, kashi 84.9 na waɗanda aka ba shi tare da maganin rituximab sun kai shekara 2 cutar ba ta ci gaba ba, alhali a ɓangaren da ba a ba shi ba kashi 36.3 ne. A gwajin VIALE-A na 2020, mai majinyata 431, akasarinsu tsofaffi masu sankarar jini mai gaggawa waɗanda jikinsu ba ya ɗaukar magani mai tsanani, matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 9.6 zuwa wata 14.7. Tsakanin gano furotin ɗin da shigar maganin asibiti shekara 30 ne da ɗoriya, kuma da a ce hukumomin ƙasarsa sun yi wa Vaux irin tambayar da ake yi mana, wato wace cuta zai warkar kafin ƙarshen shekarar kasafi, da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma.

Ta fuskar rufe ƙofa kuwa, nasara ba ta zo ba tukuna. Gwajin CIRCUS na 2015, mai majinyata 970, bai sami wani amfani ga maganin ciclosporin ba wajen kare zuciya bayan toshewar jijiyarta, ko da yake ƙaramin gwajin 2008 ya sa an yi tsammani. Haka kuma alaƙar furotin ɗin PINK1 da Parkin da cutar karkarwa ta Parkinson, da ta OPA1 da mutuwar jijiyar gani, duk tabbatattu ne, amma magani bai fito daga cikinsu ba. Wannan dalili ne na ƙara bincike.

Yanzu sai mu dawo gida, inda na fi so ma'aikatan hukuma da suke cikin wannan zaure su kasa kunne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma sayanid ɗin da yake fitowa daga rogo mai ɗaci idan ba a jiƙa shi an shanya shi yadda ya kamata ba, ba wani wuri yake kama ba illa rukuni na 4 na sarƙar numfashi a tantanin ciki. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya alaƙanta cin irin wannan rogo da wata cutar jijiya mai sa tangaɗi tun a shekarun 1960, cutar konzo mai shanye ƙafafu kuwa an siffanta ta a Kongo tun 1938. Ƙwayar gubar fosfaid da manoma da 'yan kasuwa suke sa wa wake da masara a buhu, iskar da take fitarwa wannan sarƙa take gurguntawa, kuma har yau babu makarinta. Kimanin kashi 25 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙasar nan suke, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, maganin atovaquone kuwa saitokurom b na mitokondiriyar ƙwayar cutar yake kamawa, kuma ɗaya daga cikin bijirewar farko da aka tabbatar gare shi, a 2002, a jikin ƙwayar cutar da aka kamu da ita a Legas ne, a Landan aka yi tahƙiƙin. Ƙari a kan haka, jerin gadon mitokondiriya mai harafi 16,569 da aka kammala a Kambirij a 1981, wanda gyararren nau'insa har gobe shi ne mizani, na zuriyar Turai ne, alhali ijma'in masana shi ne Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin wannan gado. Ma'ana likitanmu yana auna majinyacinsa da mizanin wani.

Abin takaici, shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, Tarayyar Afirka kuma ta tsayar da kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa don bincike, Nijeriya ba ta cika ko ɗaya ba. A kowace shekara sai a gina bene a raɗa masa suna cibiya, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, sa'an nan a bar firijin da ya kamata ya tsaya a kan ma'auni 80 ƙasa da sifiri ya narke saboda rashin lantarki, samfur na shekaru ya lalace a dare ɗaya, ba a tuhumi kowa ba.

Saboda haka ina roƙon wannan majalisa ta sanya abubuwa uku a cikin sanarwar bayan taro: a ware wa binciken asali kaso tabbatacce mai wa'adin shekara 5 wanda canjin shugaba ba ya taɓa shi, a kafa ɗakin auna numfashin mitokondiriya guda ɗaya a kowace shiyya, mai lantarkin rana da ma'aikacin gyara na dindindin, a kuma tattara jerin gadon mitokondiriya na al'ummominmu bisa yardarsu, a adana shi a nan gida. Wanda yake da hujjar da ta saɓa wa wannan, ya kawo ta da alƙaluma a lokacin tambayoyi.