Kuɗin haya da haƙƙin mai haya: jawabi ga iyalan da suka sauka a Parakou da Djougou

 

Duk inda muka zauna da ku, a Zongon Parakou ne, ko Banikanni, ko cikin garin Djougou, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: wa zai biya mana kuɗin ɗaki? Yau ita muka zo amsawa, kuma gaskiya za mu faɗa muku, ko da ba ta yi daɗin ji ba.

Tun ƙarshen shekarar 2021 da hare-hare suka fara taɓa arewacin Benin, jama'a ke barin yankunan Matéri, Tanguiéta, Kérou, Banikoara da Karimama. Wasunku kuma daga Burkina Faso, Togo, Nijar ko Najeriya kuka tsallako. Mafi yawa ba a sansani kuka sauka ba, a gidajen mutane kuka sauka. Wannan ba sabon abu ba ne a garuruwan nan biyu. Tun zamanin fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja, Parakou da Djougou zango ne, kowane baƙo da mai masaukinsa. Muna gode wa waɗanda suka buɗe muku ƙofa. Amma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar iyali biyu har abada, shi ya sa da yawanku kuka shiga neman haya.

To ga gaskiyar farko. A Parakou ko Djougou babu wani ofishin gwamnati da ke biya wa talaka kuɗin haya wata-wata. Duk wanda ya ce muku akwai, ku kawo kuɗi ya sa sunanku, ɓarawo ne. Kun ji labarin gidaje 20,000 da gwamnati ta sa kamfanin SImAU ya gina, waɗanda mafi yawansu ke Ouèdo, kusa da Cotonou. Gidajen nan ba kyauta ba ne. Saye ake yi, ko a riƙa biya a hankali har gida ya zama na mutum, kuma sai mai samun kuɗi a kai a kai. Kada kowa ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe don wani ya yi masa alkawarin makulli.

Taimakon da ke akwai ta hanyar rajista yake zuwa, kuma ƙofofinsa uku ne.

Wanda ya tsallako daga wata ƙasa, ƙofarsa ita ce hukumar ƙasa mai kula da 'yan gudun hijira, wadda ke aiki tare da HCR. Doka mai lamba 2022-31 ta ranar 20 ga Disamba 2022 ita ce ta tsara matsayinku a ƙasar nan. Takardar da aka ba ku bayan rajista ita ce shaidarku gaban mai gida, gaban 'yan sanda, gaban asibiti. Ku adana ta cikin leda, ku sabunta ta kafin wa'adinta ya cika.

Wanda ɗan Benin ne, gudu ya yi daga garinsu, ya fara da mai unguwa, sannan ofishin magajin gari, sannan ofishin jin daɗin jama'a da ake kira GUPS, wanda da aka sani da CPS. Can ake rubuta gidajen da suka fi shiga ƙunci, can ne kuma za ku tambayi shirin GBESSOKÊ na tallafin kuɗi da shirin ARCH na kiwon lafiya. Ku riƙe lambarku ta NPI, in kuwa takardun haihuwa sun ɓace a hanya, ku faɗa tun ranar farko.

Ƙofa ta uku ta iyalan soja ce. A shekarar 2022 majalisar dokoki ta yi dokar kula da waɗanda suka ji rauni ko suka rasu a bakin aiki, da magadansu. Matar da mijinta ya rasu a fagen daga, ko tsohon sojan da ya nakasa, su kai takardunsu ga rundunar da mutumin ya yi aiki a cikinta. In ba ku san ta inda za ku fara ba, ku zo mu raka ku.

Idan tallafin kuɗi ya samu daga wata ƙungiyar agaji, ku san abu uku. Ba kowa yake samu ba, ana fara duba gidan da mace ce kaɗai ke riƙe da yara, da tsofaffi, da naƙasassu, da marasa lafiya. Na ɗan lokaci ne, yana ƙarewa. Kuma sau da yawa ta waya ake turo shi, don haka layin ya kasance da sunanku, kada ku ba kowa lambar sirri. Shawararmu ita ce ku kama ɗakin da za ku iya biya ranar da tallafi ya tsaya. Ciki ɗaya da kwanciyar hankali ya fi ciki da falo da bashi.

Yanzu ga abin da ya fi kowane tallafi daɗewa a hannunku, wato doka. A ranar da aka sa hannu kan dokar 'yan gudun hijira, a ranar aka sa hannu kan dokar hayar gidan zama, mai lamba 2022-30. Tana kare duk mai haya, ɗan ƙasa ne ko baƙo.

Na ɗaya, kuɗin ajiya da ake kira kosiyon bai wuce na wata 3 ba. In ɗaki sefa 10,000 ne a wata, kosiyon ba zai haura 30,000 ba. Kuma ajiya ce, ranar da kuka tashi za a mayar muku, sai dai a cire abin da kuka lalata ko bashin da ake binku.

Na biyu, ladan dillali bai wuce rabin kuɗin wata ɗaya ba. A ɗakin 10,000, 5,000 ke nan. Kada ku ba dillali kuɗin haya ko kosiyon kafin ku ga ɗakin da idonku, ku ga mai gidan da kansa. Ɗaki ɗaya kan sa mutum uku su biya, dillali ya ɓace.

Na uku, a rubuta. Mun san da yawanku a garuruwanku magana ta isa, kowa ya san kowa. Nan ba a san ku ba tukuna. Takardar ta ƙunshi sunan mai gida, sunanku, kuɗin wata, kosiyon da kuka bayar, da yadda za a raba kuɗin wutar SBEE da ruwan SONEB, domin a nan rigima ta fi tashi. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya zo da takardar mu karanta masa kafin ya dangwala. Ranar shiga, ku zagaya ɗakin tare da mai gida, ku ɗauki hoton rufi da ƙofa da bango. Duk biyan da kuka yi, ku karɓi rasit.

Na huɗu, mai gida ba shi da ikon watso kayanku waje, ko cire ƙofa, ko canza kwaɗo, don kun yi jinkirin biya. Kotu ce ke ba da umarnin tashi. Amma shi ma yana da haƙƙi, sau da yawa da kuɗin nan yake ciyar da iyalinsa. In kun ga wata zai ƙare ba ku da shi, kada ku ɓuya. Ku je masa tun da wuri, da mai unguwa ko liman ko wani dattijo, a yi maganar yadda za a biya kaɗan-kaɗan, ku kuma sanar da mu tun bashin bai yi nauyi ba.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, wannan taku ce. Rajista kyauta ce, tallafi kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi jikinku don ɗaki ko don sa suna, ko mai gida ne, ko dillali, ko ma'aikacinmu, ku faɗa wa ma'aikaciyar da kuka amince da ita ko ku je GUPS. Za a rufa asirinku, ba kuma za a cire sunanku ba. In abin ya shafi yaro ko yarinya, a kira 138, kyauta ne. Kada kuɗin haya ya sa a cire yarinya daga makaranta a aurar da ita.

In za ku zo wurinmu kan maganar ɗaki, ku taho da takardar rajista, takardar haya in akwai, da rasit ɗin da kuka tara. Wanda ba shi da ko ɗaya shi ma ya zo, daga nan za mu fara. Wanda ya ji, ya faɗa wa maƙwabcinsa da bai samu zuwa ba.

Allah ya saka wa masu masaukinmu da alheri, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.