Amsoshin Wasiƙunku: Tsatsa a Gidan Injin Tsohuwar Fijo 504

(An karanta wannan bayani a filinmu na amsa wasiƙun masu sauraro. Mun buga shi a nan domin waɗanda ba su samu ji ba, da waɗanda suka roƙi a maimaita.)

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Ta fito ne daga hannun wani malamin makaranta a Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa.

Malamin ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar Fijo 504 salun, wadda ta yi shekara 9 a ajiye ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Da aka zo rabon gado motar ta faɗo a kansa, shi kuwa so yake ya tashe ta, ya riƙa ɗaukar iyali zuwa ganin gida. Bakanike ya sauke inji, sai aka tarar gidan injin ya ci tsatsa. Mazaunin batir ya huje, fentin da ke ƙarƙashin tukunyar man birki ya saɓule, sannan inda kan shakazoba yake ɗaure ƙarfen yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Ya kai wa masu gyaran jikin mota biyu. Na farko ya ce zai kankare, ya cike da bodi-fila, ya fesa baƙin fenti, kwana biyu an gama. Na biyu ya ce sai an yanke an yi walda, aikin mako uku ne, kuɗinsa kuma ya ninka na farko sau uku. Malam yana tambaya, wanne zai bi?

To Malam, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Amsa a taƙaice ita ce, bi na biyu. In kuɗin bai cika ba, ka bar motar a rufe har ya cika. Ga dalili.

Ita Fijo 504 a shekarar 1968 ta fara fitowa a Faransa, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya soma harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Saboda haka ka yi sa'a, kayanta da masu saninta ba su ƙare ba a ƙasar nan. Amma akwai abu ɗaya game da ƙirarta da ya kamata ka sani. Babbar mota irin ta ɗaukar kaya tana da shasi dabam, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora jiki a kai. Salun ɗin 504 ba haka take ba. Jikin nata shi ne shasinta. Waɗannan bangaye biyu na gidan inji, da ƙafafun ƙarfe biyu da suka miƙe a ƙasansu, su ne ke riƙe da ƙarfen da inji da sitiyari suke zaune a kai. Kan shakazoba na gaba kuwa, tare da sifirin ɗinsa, a jikin bangon nan yake ɗaure. Duk ramin da ka faɗa tsakanin Funtuwa da Zariya, dukan a wurin nan yake sauka. Ka ga ke nan in wurin ya ruɓe aka shafe shi da ƙulli, wata rana kana tafe da iyali shakazoba zai iya faso shi ya bugi bonet, ƙafar mota ta karkace, sitiyari ya ƙi jin magana. Allah ya kiyaye.

Shi bodi-fila ba abin banza ba ne, yana da aikinsa. An yi shi ne don a daidaita 'yar lotsawa a ƙofa ko a gefen mota bayan an buga ta ta kusa komawa daidai. Ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana shan danshi. In aka shafa shi a kan tsatsa, tsatsar tana nan tana cin ƙarfe a ƙarƙashi, sai dai an hana ka gani. Damina ɗaya ko biyu za ka ga fenti ya kumbura.

Me ya sa tsatsar ta zaɓi waɗannan wurare uku? Tsatsa tana bukatar ƙarfe tsirara, da danshi, da iska. Mu nan arewa ba mu da gishirin da Turawa ke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, wanda ke cinye ƙasan motocin da ake kawo mana daga Beljiyam. Namu ciwon daga cikin gida yake. Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, in ya yi ambaliya ko ya yi tururi sai ya cinye fenti da ƙarfen mazauninsa. Man birki kuwa yana saɓule fenti, sannan yana jawo danshi daga iska. Kan shakazoba kuma ƙarfe ne biyu ko uku aka haɗa, taya tana watso laka daga ƙasa, lakar ta maƙale ta riƙe ruwa, tsatsa ta shiga tsakanin ƙarafan ta buɗa su. Ganyen darbejiya na shekara 9 da ya toshe magudanan ruwa na ƙasan gilashin gaba shi ma ya ba da tasa gudummawa.

Yanzu ga yadda aikin kirki yake tafiya, domin ka san abin da za ka sa wa ido in ka je gareji.

Da farko a kwashe komai. Tunda inji ya riga ya sauka, a cire lagireto, da wayoyi, da tukunyar birki, da bututun birki, da na fetur. Kafin a taɓa kowace waya ka ɗauki hotonta da wayarka ta hannu, a ɗaura mata 'yar takarda mai lamba. Bututun fetur fa a tabbata an zare shi an toshe daga can baya, domin ko motar ta shekara 9 a tsaye, tururin da ya rage a tanki ya isa ya tada gobara. A ɗaga kafet da duk wani soso da ke bayan bangon da ya raba inji da mazaunin direba, don zafin walda yana ratsa ƙarfe ya kama abin da ke bayansa. A ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi kusa.

Na biyu, wanki. A wanke baƙin mai da kananzir, a bi da ruwan zafi da sabulun gari. Wajen batir a jiƙa kanwa ko sodar yin burodi a zuba, za ka ga yana kumfa, asid ɗin ne ke mutuwa. A yi ta zubawa har kumfar ta daina, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. In aka tsallake wannan, sabon ƙarfen ma zai bi sawun tsohon.

Na uku, bincike. A bi ko'ina da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana. Sannan ka ɗauki sukudireba da kanka ka riƙa dannawa. Inda ya yi tauri, ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa, tsatsar a sama take, gogewa ta ishe ta. Inda ya lotsa ko ya huje, wannan ya mutu, sai yanka. Kada ka ji tausayinsa. A yanke har a wuce bakin tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu, a kai ga ƙarfe mai lafiya.

Amma kafin a sa wuta ko zarto, abu biyu. Ɗaya, a yi awo. A auna tsakanin kan shakazoba na dama da na hagu, a kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta. A ɗaura ƙarfe a gicciye ya riƙe bangayen, a gyara gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. In wurin ya goce ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa ja gefe tana cin taya, kuma babu mai saitin ƙafa da zai iya raba ka da wannan. Abu na biyu, lambar shasi. Nemi inda aka buga ta da ɗan farantin kamfani da ke cikin gidan injin, ka gwada da takardun motar, ka nuna wa mai walda ka ce nan ba a yanka, ba a gurza, ba a cikewa. Motar da aka taɓa lambarta, ko ta gado ce, sai ka sha bayani a hannun jami'an tsaro.

Na huɗu, ƙarfen da za a sa. Mafi kyau a samo wannan ɓangare daga jikin wata 504 da aka yanka, in nata yana da lafiya. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ana dacewa. In ba a samu ba, a yanka sabon farantin ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Fatar jikin mota ba ta cika wuce milimita 1 ba, amma wuraren ɗaukar nauyi sun fi haka kauri, wani wurin ma ninki biyu ne, to yadda aka tarar haka za a mayar. Kada a yarda da kwanon rufi ko gwangwani. Kwanon rufi ga shi siriri, ga shi an shafe shi da sinadarin zinki, wanda hayaƙinsa ke sa mai walda zazzaɓi. A fara yanka kwali daidai da ramin, a ɗora a kan ƙarfen a fitar da shi, ya shiga baki da baki. In aka ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe, an gina wa ruwa ɗaki ne a tsakani.

Wajen walda, yawancin garejinmu waldar kabaid ake yi. Tana yi in hannun ya ƙware, sai dai zafinta yana yaɗuwa ya murɗe ƙarfe. In akwai mai injin waldar MIG, wanda ke turo siririyar waya da iskar gas, ya fi dacewa da wannan aiki. Kowacce aka yi, a ɗiga nan, a tsallaka can a ɗiga, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon ya haɗe ya zama layi ɗaya babu rami. Kada a karɓi lilin jan ƙarfe, wato waldar tagulla, a wajen shakazoba ko ƙafafun shasi. Kuma Malam, wannan ita ce shawarar da ta fi kowacce: ka ce ba a shafa komai sai ka zo ka ga waldar tsirara, sama da ƙasa. Ka sa fitila a baya, in haske ya ɓullo, da sauran aiki. Mai aikin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Na biyar, fenti. Sauran wuraren da tsatsa ta yi wa ƙananan ramuka a shafa musu maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ita baƙa ta daina ci. A goge da tina, a fesa fentin shimfiɗa, wato firaima, a ranar da aka goge. Ƙarfe tsirara in ya kwana da damina, da safe za ka ga ya yi ja. Firaima mai haɗi biyu da ake kira ifoksi ta fi hana ruwa shiga. Bayan ta, a bi duk bakin walda da mahaɗar ƙarafa da ƙullin toshe gaɓa, sannan a fesa fenti. Shawarata a fesa launin jikin motar, ko wani mai haske. Baƙin fenti yana ɓoye yoyon mai da tsagewa, mai haske kuwa yana tona su tun suna ƙanana. Kada a manta da bayan faci ta wajen taya, da cikin ƙafafun shasi inda fenti ba ya kaiwa. Nan a fesa kakin hana tsatsa ta ramukan da ke jiki.

Lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi saboda ƙura, da damina kuma a jira rana ta buɗe. Mai feshi ya sa takunkumi na ainihi mai matata, domin fenti mai haɗin hadina yana lahanta huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Mai gurza ya sa tabarau. A kori yara daga wurin, tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma.

In an zo mayar da kaya, a kankare fenti a ɗan wurin da wayar as take ɗaurewa, in ba haka ba za ka ga fitilu suna wasa, mota ta ƙi tashi, a ɗora wa mai wayarin laifi. A sa tiren roba ƙarƙashin batir, a ɗaure shi da maɗaurinsa. A sake robobin tukunyar birki, kada sabon fenti ya sha abin da tsohon ya sha.

To Malam, ka ji. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ka raba kuɗin aikin kashi uku, na yanka, na walda, na fenti, kada ka biya kashi na gaba sai idonka ya ga na baya. Mako uku ba wani abu ba ne ga motar da ta jira shekara 9. Allah ya sa ka more ta lafiya kai da iyali, in ta tashi ka rubuto mana mu sha labari.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a riƙa rubuta tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.