Kada Kiɗa Ya Danne Muryar Sanƙira

(Jawabin da wani ɗan kwamitin shagulgula ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, Sabo, Ibadan)

  

Tun 1916 aka kafa wannan unguwa ta Sabo, kuma iyayenmu sun yi wasannin Sallah ba lasifika, amma ana jin sanƙira. Mu da muke da na'ura fa? A wasan Sallar da ta wuce, sanƙira ya kira 'yan mata su shigo fili, ba su ji ba, rawa ta hargitse. Zabiya na ba da waƙa, 'yan amshi na kallon bakinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yaro ya ɓace, aka yi ta cigiya, uwarsa tana can bayan taro ba ta ji ba sai da aka tsai da kiɗa.

To jama'a, ga shawarata. Na ɗaya, kalangu ba ya bukatar makirfo a filinmu, ƙararsa ta isa. A ba sanƙira nasa makirfo, zabiya nata, kada su riƙa karɓa-karɓa.

Na biyu, a ɗaga lasifika sama da kan mutane, domin jikin jama'a yana shanye sauti. Kuma a ajiye ta gaba da mai magana, tana fuskantar taro. Wannan ƙugin da ke huda kunne, makirfo ne ke sake ɗaukar abin da lasifika ta fitar. Sanƙira ya kusanto da makirfo bakinsa, kada ya rufe kansa da tafin hannu.

Na uku, a rage nauyin murya a amfilifaya, wato bas, domin kalmomi su fito sarai. Ƙure ƙara ba magani ba ne. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, in aka daɗe cikinta awa 8, tana lalata ji, ga kuma jarirai goye a bayan iyayensu. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna da haƙƙi a kanmu.

Na huɗu, a kai janareto nesa da fili. Kafin a fara, mutum ɗaya ya tsaya ƙarshen taro, makaɗa su buga, sanƙira ya yi magana. In bai ji ba, a gyara.

Ina roƙon kwamiti ya naɗa matashi ɗaya mai kula da na'ura, kuma a umarci makaɗa su sassauta hannu duk lokacin da sanƙira ya ɗaga sandarsa.

Allah ya bar zumunci, ya kai mu Sallar baɗi lafiya. Wassalamu alaikum.