Takardar Neman Bashi da Wa'adin Kwana 21 a Ostareliya

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a ƙasar Ostareliya akwai wata takardar neman bashi wadda in kamfani ya yi sakaci da ita, tana iya zama ajalinsa.

Bisa ga Dokar Kamfanoni ta 2001, wanda yake bin kamfani kuɗi yana da ikon ya aika masa da takarda ta musamman, ya nemi a biya shi cikin kwana 21. Tun daga ran 1 ga Yuli, 2021, tilas ne bashin ya kai dala 4,000 ta Ostareliya, alhali kuwa a da dala 2,000 ne. In ba kotu ce ta riga ta tabbatar da bashin ba, wajibi ne a haɗa da takardar rantsuwa. Idan wa'adin ya cika, kamfanin bai biya ba, bai kuma kai ƙara ba, shari'a za ta ɗauka ya tsiyace. Daga nan mai bin bashi yana da wata 3 da zai dogara da wannan ya roƙi kotu ta rushe kamfanin, a sayar da kadarorinsa, ma'aikata kuwa su rasa abin yi.

To, yaya ke nan in takardar tana da aibi? Doka ta buɗe wa kamfani ƙofofi. Yana iya nuna cewa akwai jayayya ta gaskiya a kan bashin, ko kuwa shi ma yana bin wancan kuɗi. A nan alƙali ba ya yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya, abin da yake dubawa shi ne ko jayayyar tana da tushe. Har wa yau kamfani yana iya nuna kuskure cikin takardar kanta, kamar a rubuta adadin kuɗi ba daidai ba, ko a kasa bayyana asalin bashin. Sai dai kuskure kaɗai ba ya isa. Dole a nuna cewa in an bar takardar yadda take, za a yi wa kamfanin babban zalunci. Wani lokaci ma alƙali yakan rage adadin ne kurum, takardar ta ci gaba da aiki.

Inda yawancin haɗarin yake, watau wajen lokaci. Cikin kwana 21 ɗin nan ne tilas a shigar da ƙara tare da takardar rantsuwa, a kuma miƙa wa mai bin bashi kofensu. A 1995, cikin shari'ar kamfanin David Grant da bankin Westpac, kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa babu alƙalin da ke da ikon ƙara wa'adin. Wanda ya makara kuwa, ba zai kawo hujjojin nan a ranar shari'ar rushewa ba sai da iznin kotu.

Saboda haka, komai yawan kurakuran da ke cikin takardar, shugaban kamfani mai hankali ba ya ajiye ta. Yakan rubuta ranar da ta iso, ya nufi ofishin lauya tun kwanakin ba su fara ƙarewa ba.