Amsoshin Wasiƙunku: Shin Motar Lantarki Za Ta Kori Motar Japan?

Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma duk maganarsu ɗaya. Ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi a Ƙanƙara, wanda ya ce ya tara kuɗi zai sayi Kanta, sai aka ce masa ya dakata, wai motocin Japan sun kusa zama tarihi. Ta biyu daga wani direba da ke lodi a kasuwar Sheme ta Faskari, ta uku kuwa daga wani manomi a Sabuwa. Tambayarsu ita ce: da gaske ne motar lantarki za ta karya kamfanonin Japan?

To, Alhaji na Ƙanƙara, maganar da ka ji tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Ita motar lantarki ba ta shan fetur ko gas. Batir ne babba a ƙarƙashinta, ana yi masa caji kamar wayar hannu. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Rikicinta duk yana ga batirin, don shi ne mafi tsada a jikinta.

Abin mamaki, mutanen Japan ne suka fara yin nisa a wannan hanya. A 1997 Toyota ta fito da Prius, mai haɗa injin fetur da batir. A 2010 Nissan ta fito da Leaf, wadda lantarki zalla take amfani da shi. Daga nan sai suka yi sanyi. Toyota ta tsaya a kan mai haɗin nan, tana ganin duniya ba ta shirya ba. Ƙasar Sin kuwa ta zuba kuɗi a masana'antun batir, har yanzu mafi yawan batiran motocin duniya can ake yin su. Kamfanin BYD, wanda da ma da sana'ar batir ya fara, ya zama gagara-badau. A 2023 Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci zuwa ƙasashen waje, kuma a shekarar ne Mitsubishi ta daina ƙera motoci a Sin. A Disambar 2024 Honda da Nissan suka fara maganar haɗewa don su iya ja, amma zancen ya watse a Fabrairun 2025.

Sai dai kada ku ce giwa ta faɗi. Toyota har yanzu ita ce ta fi kowane kamfani sayar da motoci a duniya, sama da miliyan 10 a shekara, kuma motocinta masu haɗin fetur da batir suna kasuwa sosai a Amurka da Turai. Wanda ke jin jiki da gaske shi ne Nissan da ƙananan kamfanoni.

Malam direba na Sheme, kai ka ce ba mai ture Hilux da Hiace a ƙasar nan. Ina so ka tuna abu biyu da suka faru a gaban idonmu. Da can Fijo ce sarauniyar hanya, ana harhaɗa ta a Kaduna tun 1975. Yau 504 nawa ka gani a tashar Funtuwa? Sannan ga babur. Dattawanmu sun san lokacin da in an ce mashin, Honda ake nufi, ko Yamaha, ko Suzuki. Sai ga Jincheng daga Sin da araha, bayansa Boxer daga Indiya. Me ya sa suka karɓe kasuwa? Kuɗinsu kaɗan ne, kayan gyaransu har a ƙauye, kuma kowane yaron bakanike ya iya kwance su. Suna ba ya tsare kasuwa. Abin da ya faru da babur yana iya faruwa da mota, kuma wannan ne ke hana mutanen Japan barci.

Amma yaushe? Nan ne amsar manominmu na Sabuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kuɗin kai buhun masara kasuwar Dandume ya tashi, saboda haka motar da ba ta shan mai abin so ce. To, amma da me za a yi mata caji? Garin da yakan kwana biyu ba wutar da za a niƙa hatsi, yaya za a cika batirin mota mai ɗaukar kaya? An buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, gwamnatin Borno ma ta kawo tasi masu lantarki, amma duk wannan a birni ne. Ga kuma halin hanyoyinmu. Kun san irin wuraren da ba a son mota ta tsaya wa mutum da yamma tsakanin Ƙanƙara da Sheme. In fetur ya ƙare akwai mai jarka, in batir ya mutu sai dai a ja ka.

Akwai wani abu kuma. Mu yawancinmu 'yan Kwatano muke saye, wato abin da Turawa da Amurkawa suka hau shekara goma baya. Saboda haka abin da suke saye yau, shi zai iso mana gobe. Ku ce wa yaran da ke koyon kanikanci su haɗa da aikin waya da batir tun yanzu.

Shawarata a nan, Alhaji: in Kantar lafiyayya ce, ka kai bakaniken da ka yarda da shi ya duba inji da giya, ka saya, kayan gyaranta ba za su yanke ba nan kusa. Ranar da aka kawo maka mai lantarki, ko ta Japan ce ko ta Sin, ka yi tambaya uku: ina zan yi caji, wa zai gyara, kuma nawa ne sabon batir? Ni a ganina babur da Keke Napep masu lantarki ne za su riga mota shigowa garuruwanmu, don ƙaramin batir faifan sola ma yana cika shi.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.