Dokar Ohm da Lasifikar Kunne



An nemi in ɗan yi bayani kan sana'ata, wato haɗa amfilifaya ta lasifikar kunne. Masu sayen irin mai tsada sukan ɗauka kuɗi ne ke gyara sauti. To, ba kuɗi ba ne, Dokar Ohm ce, wadda malamin Fiziks ya sha fama da mu a kanta.

Kowace amfilifaya tana da turjiya a mafitarta, lasifika ma tana da tata. A ƙa'idar masu sana'a, ta amfilifaya kada ta wuce ɗaya bisa takwas na ta lasifika. Sennheiser HD 600, wadda ta fito a 1997, om 300 gare ta, shi ya sa ba ta da fitina. Amma ku jona mai om 32 a mafita mai om 120. Kusan huɗu bisa biyar na ƙarfin lantarkin zai tsaya a hanya, sau da yawa kuma amon ganga ya kumbura, kamar ana dukan katifa. Na sha ganin amfilifaya mai kuɗin mota tana yin haka, mai ita kuwa yana ta zargin lasifikar.